Dan Allah me yasa ruwan lemo da na'ana'a yake min ɗaci idan ya kwana?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah taimako nake nema akan ruwan nan da ake jiƙa lemo da ganye a ciki a zuba ƙanƙara. Ni matsalata bana iya shan ruwa zalla, sai in wuni ban sha kofi uku ba, kuma da na zauna na duba duk abin sanyin da nake sha sukari ne cike a ciki, yaran ma sun fara bin sahuna, in ka basu ruwa sai su ture suce na kwalba suke so, wannan shine ya fi damuna wlh.

To shine nace bari in gwada. Na yanka lemun tsami biyu da lemun zaƙi ɗaya da ɓawonsu da komai, na daddaka na'ana'a sosai dan ƙamshin ya fito, na zuba a jog na cika da ruwa na sa a firji da daddare. Da safe da na kurɓa ɗaci kamar na jiƙa magani, ganyen ya yi baƙi, ruwan ya yi wani duhu-duhu. Na sake yi na rage lemon, ɗacin ya ɗan sauka amma kuma ƙamshin ya tafi, da na zuba ƙanƙara sai ya koma salam babu ɗanɗanon komai.

A ina nake kuskure? Awa nawa ya kamata ya jiƙu? Kuma kwana nawa zai iya yi a firji bai lalace ba? Nagode.

Anti Mai Kicin:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata ba lemon bane ya miki yawa, abu biyu ne suka haɗu miki, farin ɓawo da kuma kwana.

Ki ɗauki lemo ki yanka ki duba da kyau, hawa uku ne. Akwai fatar waje mai launi, kore ko ruwan ɗorawa, a nan man ƙamshin yake, in kina so ki tabbatar ki lanƙwasa ɓawon kusa da hancinki zaki ga wani ɗan feshi ya fita, to wannan feshin shine duk abinda muke nema a ruwan. Ƙarƙashinta akwai farin nan mai laushi kamar soso, shi ba ƙamshi gareshi ba sai ɗaci da bauri. Sai tsokar ciki mai tsami ko zaƙi da 'ya'yan, su ma 'ya'yan ɗaci ne dasu sosai, duk wanda ya taɓa tauna ɗaya bisa kuskure ya sani. Ke kuma kin zuba duka ukun cikin ruwa kin barsu awa 8 ko 10, ai dole.

Ga yadda nake nawa, na lita biyu. Da farko in wanke lemon sosai a ƙarƙashin famfo ina gurzawa da hannu ko ɗan buroshi mai tsafta, banda sabulu, in na ji ɓawon yana da santsi kamar an shafa masa kakin kyandir sai in sa ruwan ɗumi in goge da tsumma. Sai in ɗauki abin feren dankali in shafto fatar waje siriri-siriri kamar guda 4 ko 5, ba tare da na haɗo da farin ba, in na juya na ga fari ya maƙale sai in kankare shi da bakin wuƙa. Daga nan in yanke kan lemon da gindinsa in tsayar dashi a katako in fere sauran ɓawon gaba ɗaya har sai tsokar ta fito tsirara, in yanka ta fale-fale in cire 'ya'yan da tsinin wuƙa. Lemun zaƙi ɗaya da lemun tsami ɗaya ko biyu in ƙanana ne, ya isa. Aikin minti biyar ne amma shine bambancin naki da nawa.

Na'ana'a kuma dan Allah ki daina dakawa. Reshe kamar 8 zuwa 10, ki wanke ki ɗora a tafin hannu ki tafa sau ɗaya ko biyu, zaki ji ƙamshin ya tashi, shikenan ki jefa.

Lokaci kuwa, ni nakan bar shi a waje a rufe kamar awa ɗaya saboda ruwan da bai yi sanyi ba ya fi saurin jan ƙamshi, sannan in sa a firji awa biyu zuwa uku. Daga nan in tace. Kinga wannan tacewar ita ce mutane basa yi, suna son ganin lemon yana yawo a jog dan ya yi kyau, nima inason hakan, amma sai in tace tsohon in zubar, lokacin da za'a sha in yanka sabo fale biyu uku in jefa dan ado. Ruwan da aka tace zai kwana lafiya lau ba ɗaci.

In duk da haka kin ji ɗan ɗaci-ɗaci, gishiri ɗan mitsitsi wanda yatsu biyu zasu ɗauka ki sa a duka jog ɗin, ba zaki ji gishirin ba amma yana danne ɗaci.

Ɗan Lambu:

Hajiya Anti ta gama magana akan lemo, ni bari in sa baki a ɓangaren ganye tunda shi nake shukawa.

Man na'ana'a ba can cikin ganyen yake a ɓoye ba, a wasu ƙananan ƙuraje yake a jikin fatar ganyen, musamman ta ƙasa, shi yasa ko gogarta kayi da hannu kana wucewa sai ƙamshi ya bi ka. Idan kika daka kin fasa ganyen ne gaba ɗaya, koren ruwan cikinsa ya fito mai ɗanɗanon ciyawa, kuma inda ya fashe yana haɗuwa da iska ya yi baƙi kamar yadda tuffa take yi in an yanka an ajiye. Ga kuma tsamin lemon shima yana sauya koren ganye ya koma ruwan ƙasa-ƙasa in sun daɗe tare. To kinga inda duhun naki ya fito.

Sannan na'ana'a iri-iri ce. Akwai mai laushin ƙamshi mai ɗan zaƙi-zaƙi, akwai kuma mai ƙarfi wadda in ka tauna zaka ji sanyi ya ratsa har hanci kamar man goge baki, ita wannan sinadarin mentol ne da yawa a cikinta. Abin mamakin mentol shine baya sanyaya ruwan ko kaɗan, jijiyar da take jin sanyi a baki yake taɓawa sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka sanyi ne. In mai ƙarfin gareki ki rage, reshe 4 ko 5 ya isa lita biyu, in ba haka ba zata danne lemon. Yara ma sun fi karɓar mai laushin.

Daddoya ma tana shiga, tana tafiya da lemun zaƙi sosai, amma ganye kaɗan kamar 5 ko 6 kuma ita ta fi na'ana'a saurin baƙi, kar ta wuce awa biyu. Su kuma masu tauri, ɗanyar citta da ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemo da rosmeri (wani ganyen ƙamshi siriri kamar allura), ruwan sanyi baya iya tatso su da kyau cikin awa uku. Abinda nake yi in bubbuge gindin ciyawar da bayan wuƙa, in yanka citta kamar tsawon gaɓar yatsa fale-fale, in zuba musu tafasasshen ruwa kofi ɗaya in rufe minti 10 zuwa 15, in ya huce sarai in tace in juye cikin jog. Amma sai ya huce fa, in kika zuba da zafi akan na'ana'a da lemo kin dafa su. Rosmeri reshe ɗaya tak, ya fi haka sai ruwan ya koma kamar turare.

Kuma shawara kyauta, cikin na'ana'ar da kika samo ki ware reshe biyu masu ƙwari ki tsige ganyen ƙasa ki tsoma a kofin ruwa kusa da taga, cikin sati ɗaya zuwa biyu zaki ga fararen saiwoyi, sai ki dasa a tukunyar fulawa ko tsohon bokiti mai huji. Ita kaɗai a mazubinta, dan in ta samu fili mamaye ko'ina take yi. Wadda aka tsinko yanzu-yanzu da wadda ta kwana uku a leda ba ɗaya bane ko kusa.

'Yar Gayu:

Ni fa gsky bana duk wannan wahalar, bilenda nake sawa in markaɗa komai da ɓawon har da garehul in tace in sha da sassafe kafin in ci komai, sauran in cika gora in riƙa kurɓa har dare. Ance ɗacin shine maganin, yana wanke dattin jiki yana narkar da tumbi. Mamana ma na fara haɗa mata

Malam Mai Kemis:

'Yar uwa 'Yar Gayu, dan Allah kafin komai, Mama tana shan wani magani kullum? Na hawan jini ko na rage kitsen jini? In eh ne ki dakatar da garehul ɗin nan tukuna sai kin tambayi likitanta ko mai bada magani. Ba tsoratarwa nake ba. Garehul yana da wasu sinadarai da suke toshe abinda yake sarrafa magani a hanji, sai maganin ya shiga jini fiye da yadda aka auna, kamar ta sha ƙwaya biyu ko uku a maimakon ɗaya. Cikin waɗanda aka tabbatar akwai felodipine da nifedipine na hawan jini, da simvastatin da atorvastatin na kolestarol. A Kanada aka gano abin a 1989, kuma bisa katari, wani mai bincike David Bailey da abokan aikinsa suna gwaji akan felodipine sai suka yi amfani da ruwan garehul dan ya ɓoye ɗanɗanon abinda suke ba masu gwajin, kawai suka ga maganin ya ninka a jini. Kuma raba lokaci baya warware matsalar, ace an sha garehul da safe magani da dare, dan tasirinsa yana wuce kwana ɗaya. Lemun zaƙi na yau da kullum bashi da wannan matsalar.

Batun wanke datti da narkar da tumbi kuma, wanke jini aikin hanta ne da ƙoda, kuma babu abin sha da yake zuwa ya narkar da kitse a wuri ɗaya. Amfanin ruwan nan na gaskiya shine wanda Maman Biyu ta faɗa da bakinta tun farko, mutum ya sha ruwa da yawa kuma ya bar na kwalba. Gwangwani ɗaya na lemon kwalba mai gas yana ɗauke da sukari wajen gram 35, kusan ƙaramin cokali 8 zuwa 9 kenan, wanda ya saba shan biyu a rana ya maye su da wannan ai ya yi babban abu wa jikinsa, kuma ni a wajena wannan kaɗai ya isa dalili ba sai an ƙara masa da abinda baya yi ba. Ko bitamin C ɗin ma kar a dogara dashi, gram 100 na babban lemun tsami yana da kamar miligram 53, ƙaramin koren nan kamar 29, babbar mace tana buƙatar wajen 75 a rana namiji 90 a ma'aunin Amurka, to fale huɗu a lita biyu kaɗan ne zai fita. Mai son bitamin ya ci lemon da kansa.

Abinda Anti tace na kwana shima akwai bayaninsa. A cikin lemon da ba'a yanka ba akwai wani sinadari da bashi da ɗaci, da zarar an yanka ko an matse ya haɗu da tsamin sai a hankali cikin awanni ya juye ya zama limonin, shi kuma ɗaci ne dashi sosai, kuma a 'ya'yan ya fi yawa. Shi yasa ruwan lemon da aka matse yanzu yake da daɗi amma in ya wuni sai a ji ya canza. Masu kamfanin ruwan lemo ma suna fama da wannan.

Sai haƙori, 'Yar Gayu wannan ya shafe ki kai tsaye tunda kince kurɓa kike har dare. Ruwan lemun tsami zalla tsaminsa yana wajen 2 zuwa 3 a ma'aunin pH (ma'aunin tsami ne, iya ƙanƙantar lambar iya ƙarfin tsamin), shi kuwa farin rufin haƙori yana fara zaizayewa ne daga wajen 5.5 zuwa ƙasa, kuma in ya tafi baya dawowa. Jiƙo irin na Anti mai sauƙi ne, amma markaɗaɗɗe irin naki yana da ƙarfi, kuma kurɓa kaɗan-kaɗan duk wuni ta fi illa akan a shanye lokaci ɗaya saboda yawu baya samun damar gyara bakin. Ki sha da sitiro, ki kuskure baki da ruwa zalla bayan nan, kar ki goge baki nan take ki bari kamar minti 30 zuwa awa ɗaya. Mai ƙwannafi ko olsa shima ya lura da jikinsa, tsami da na'ana'a mai ƙarfi sukan tayar wa wasu.

Maman Biyu, tambayarki ta ajiya. Da zarar an yanka 'ya'yan itace an sa a ruwa ya zama abinci mai lalacewa. Ƙa'idar da hukumomin abinci na Amurka suke bayarwa ita ce kar irin wannan ya wuce awa 2 a waje, in zafin wurin ya haura digiri 32 awa 1, firji kuma ya kasance digiri 4 ko ƙasa. In kin tace kin rufe, ki shanye cikin kwana biyu zuwa uku. Kika ga ya yi yauƙi ko kumfa ko warin tsami na daban, zubarwa kawai. Jog na gilashi ya fi, banda kwanon alminiyam ko na tagulla dan tsami yana cin su.

Ɗaya na ƙarshe da mutane basu sani ba, in kin yanka lemun tsami ki wanke hannu da sabulu kafin ki shiga rana, ruwansa da man ɓawon in suka zauna a fata rana ta buga yana iya ƙona wurin ya yi baƙin tabo mai daɗewa, wani har ya tashi bororo.

'Yar Gayu:

Innalillahi, wlh tana shan na hawan jini kullum da safe, bansan sunansa ba sai na duba kwalin. Na daina sa mata daga yau. Allah ya saka da alkhairi Malam

Maman Biyu:

Kai masha Allah, na ƙaru sosai, Allah ya biya ku. Saura batun ƙanƙara, ita ce har yanzu ba'a taɓo min ba, ya zanyi kar ta kashe min ɗanɗanon?

Injiniya:

Hajiya wannan lissafi ne kawai. Ƙanƙara bata sanyaya abu sai ta hanyar narkewa, zafin ruwan take sha ta narke, gram ɗaya nata yana shanye zafin da zai iya ɗaga gram ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80. To in ruwanki yana digiri 30 kina so ya sauko wajen 5, lita ɗaya sai ta narkar da ƙanƙara kusan gram 300, kinga kin ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwa zalla kenan, dole ya yi salam. Amma in daga firji ya fito da sanyinsa, ƙanƙarar aikinta riƙe sanyin ne kawai, kaɗan zata narke.

Sannan manyan ƙanƙara sun fi ƙanana daɗewa, dakakkiya kuwa nan da nan ta zama ruwa. A kofi ake sa ta lokacin sha, ba a jog ba. Ni abinda na fi so ma, in ɗebi ruwan jiƙon da aka tace in zuba a tiren ƙanƙara in sa ganyen na'ana'a ɗaya a kowane gida in kai firiza, in ta narke a kofi ɗanɗano take ƙarawa. Ki rufe tiren ko ki juye su a leda mai zif in sun daskare, dan ƙanƙara tana ɗaukar warin duk abinda yake firiza, kifi ne ko nama. Kuma ruwan da zaki iya sha shi zaki daskarar, sanyi baya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar dasu kawai yake.

Harshe kuma baya jin ɗanɗano sosai in abu ya yi sanyi ƙarara, dan haka in kin ɗanɗana kafin ya yi sanyi ki bari ya ɗan fi yadda kike so ƙarfi.

Maman Biyu:

Na dawo da labari. Jiya na yi yadda Anti tace, lemun zaƙi ɗaya lemun tsami biyu na fere tas na cire 'ya'yan, fatar waje guda huɗu, na'ana'a na tafa ban daka ba, na ƙara ruwan citta rabin kofi irin na Ɗan Lambu. Awa ɗaya a waje uku a firji na tace. Wlh da na buɗe jog ɗin ƙamshin ne ya fara dukana, ruwan garau kamar ba'a sa komai ba, yau da safe na sha ragowar babu ɗaci ko ɗigo. Babbar ta sha kofi biyu ta ce in ƙara, ƙaramin dai ya kurɓa ya yamutsa fuska yace yaji, ina ga cittar ce. Na tsoma reshe biyu a kofi a taga kuma ina jiran saiwa.

Anti shi ƙaramin ya zan masa, in sa masa zuma ne? Shekararsa uku.

Anti Mai Kicin:

Alhamdulillah ƙanwata, naji daɗi. Zuma ba laifi tunda ya wuce shekara ɗaya, jariri ne ba'a ba, amma ni da zaki bi tawa kar ki fara, tunda zaƙin kike son raba shi dashi. Ki cire masa citta da lemun tsamin gaba ɗaya, ki yi masa nashi a ƙaramar kwalba da tanjarin ko lemun zaƙi da kokwamba fale uku da ganyen na'ana'a biyu, ki ɗan matse fale ɗaya a ciki. Ki bashi shi ya jefa ƙanƙarar mai ganye da hannunsa, kuma lokacin cin abinci zaki bashi ba ya wuni yana tsotsa ba saboda haƙoran nan da Malam ya faɗa.